Ɓangaren D: ya ƙi karɓar rubutu a Ubuntu, injin buga takardu ma ya yi shiru

Hajiya mai sakatariya, Tawa

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda sunka san Linux.

Ina da ƴar sakatariya a nan Tawa. Muna buga wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki da katin biki, amma abin da ya fi ciyar da mu shi ne memuwar ɗin ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani. Ordinatar ɗin da nake aiki da ita HP ce portabul, okaziyo na saye ta a Yamai, Windows 10 ke cikinta. Da anka ce an daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro tun 14 ga Oktoba 2025, kuma tawa ba ta cikin masu ɗaukar Windows 11, sai ɗan yayata ya sa mini Ubuntu 22.04, wani irin Linux, a gefe, bai taɓa Windows ba. In na kunna, allo yana tambaya ta wanne zan shiga. Ubuntu ɗin ya yi mini daɗi, ba shi da nauyi, kuma kile ɗin ɗalibai da ke zuwa cike da birus ba sa tayar mini da hankali a cikinsa. Yaron ya koma karatu Damagaram, ga ni da matsaloli.

Ta farko ita ce babba. Duk aikina yana cikin D:, dosiye-dosiye da sunan kowane ɗalibi. A Ubuntu ina ganin D: ɗin, ina buɗe fishiye, ina karantawa, amma ba na iya ajiye gyara ko harafi ɗaya. "Nouveau dossier" ma ya dushe, ba ya dannuwa. LibreOffice yana rubuta mini "lecture seule" a sama. Ta waya yaron ya sa na rubuta wani abu a terminal, wato tagar da ake rubuta umarni, ga abin da ya fito: "Metadata kept in Windows cache, refused to mount. Falling back to read-only mount". Yanzu sai in kwafo fishiye zuwa Ubuntu, in gyara, in sa a kile, in koma Windows in mayar. Kofi biyu-biyu sun fara taruwa, kuma tsorona shi ne wata rana in buga wa ɗalibi tsohon kofi ya kai wa malaminsa.

Ta biyu, babban injin buga takardu. Ba ta USB yake ba, kabul ɗin rezo ne ya fito daga bayansa ya shiga wani ƙaramin akwati mai ramuka biyar, daga nan wani kabul ya zo ordinatar. Intanet kuma ta wifi nake samu, daga modem 4G. A Windows duka biyun suna aiki tare. A Ubuntu alamar kabul sai ta yi ta juyawa, can ta ce koneksiyo bai yiwu ba, injin kuma ko motsi. Wanda ya haɗa mini su tun farko ya bar garin.

Ta uku ƙarama ce: wani lokaci in na fito daga Windows na shiga Ubuntu, wifi ba ya nan kwata-kwata, sai na sake kunnawa.

Lokacin kare memuwar ya matso, aikin mutane ne a hannuna, ba na son in taɓa abin da zai ɓata shi. Allah ya saka da alheri.

Ɗalibi daga Harobanda

Wa alaikumus salam Tanti. Matsalar D: ɗin na sha ganin ta wajen abokai a nan jami'a. Ki buɗe terminal ki rubuta `lsblk -f`, za ki ga sunan ɓangaren, misali sda4. Sai ki rubuta `sudo ntfsfix /dev/sda4`, ki sake buɗe shi, zai karɓi rubutu. In ya ƙi, akwai `remove_hiberfile` da ake ƙarawa wajen ɗora shi, wato haɗa shi da Ubuntu don ya buɗu. Minti biyu an gama. Na injin buga takardun kuwa sai manya sun zo.

Mai gyara na Katako

Hajiya, sannu da aiki. Don Allah kada ki rubuta wannan umarnin tukuna. Ƙanena na Harobanda, niyyarka mai kyau ce, kuma `lsblk -f` ɗin daidai ne, amma ntfsfix a wannan halin shi ne hanyar da nake ganin mutane suna rasa fishiyoyinsu, sannan su kawo mini faifan a leda.

Faifanki lafiya lau yake, Hajiya. Ubuntu ne ya ƙi rubutawa da gangan, kuma gaskiya gare shi. Tun Windows 8, a 2012, aka shigo da abin da ake kira "démarrage rapide". Idan kika danna "Arrêter", Windows ba ya mutuwa gaba ɗaya. Yana rufe shirye-shiryenki ne, sannan ya kwashe abin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa ya zuba a wani babban fishiye mai suna hiberfil.sys a cikin C:, don gobe ya tashi da sauri. Cikin abin da ya kwashe har da abin da ya sani game da D:, wane fishiye ke ina, wane wuri ne babu kowa. Kamar mai shago ne da ya ja ƙofa ya tafi masallaci, wani lissafin yana kansa bai sa a littafi ba. In wani ya shigo ya sake jera kaya, mai shagon zai dawo ya ci gaba da lissafin da ke kansa, ya ɗora sabon kaya a kan wanda aka ajiye. Haka Windows zai yi: memuwar ɗin da kika ajiye daga Ubuntu, shi a wurinsa fili ne.

Shi ntfsfix ba chkdsk ba ne, wato mai duba faifai na Windows, masu shi ma sun rubuta haka a bayaninsa. Yana gyara ƴan ƙananan abubuwa, ya share littafin da NTFS, tsarin faifan Windows, ke rubuta ayyukan da ba a kammala ba, ya bar wa Windows saƙo ya duba faifan. A kan D: yakan wuce, ƙofa ta buɗe, ki yi ta rubutu kina jin an warke, alhali Windows yana nan kwance da tsohon lissafinsa a C:. Shi kuma `remove_hiberfile` goge hiberfil.sys yake yi, na ɓangaren da Windows ke zaune ne, kuma muna ajiye shi ne don ranar da Windows ya ƙi tashi sam. Naki yana tashi, to magani yana can cikinsa.

Kafin komai, tunda karatu yana yiwuwa, ki sami faifan waje ko babbar kile ki kwashe dosiyen ɗalibai duka. Karatu ba ya ɓata komai. In kilen FAT32 ce ki sani ba ta ɗaukar fishiye ɗaya da ya kai giga 4, amma takardu ba sa kai wa nan.

Sannan ki shiga Windows: Panneau de configuration, Options d'alimentation, "Choisir l'action des boutons d'alimentation". A sama akwai shuɗin rubutu "Modifier des paramètres actuellement non disponibles", ki danna shi, ki sauko ki cire alamar da ke kan "Activer le démarrage rapide", ki ajiye. Ni dai na fi son gajeriyar hanya: ki buɗe Invite de commandes a matsayin administrateur ki rubuta `powercfg /h off`. Wannan yana kashe dogon barcin Windows gaba ɗaya, har da démarrage rapide ɗin, hiberfil.sys ya tafi, ki sami ƴan giga a C: kyauta. Tunda kina wurin, ki ƙara da `chkdsk D: /f`, saboda in kuran ya taɓa ɗaukewa batir bai riƙe ba, ɓangaren yakan zauna da alamar ba a rufe shi da kyau ba, shi ma yana hana rubutu. Ki bar shi ya gama, ki kashe, ki shiga Ubuntu.

Ga wanda ke sauri bai son canza komai: "Redémarrer" kashewa ce ta gaskiya, haka ma riƙe Maj lokacin danna "Arrêter". Amma a shago da yara ke taɓa inji, wani zai manta, gara a cire abin daga tushe.

Matsalarki ta uku ina kyautata zaton uwarsu ɗaya da ta farko. Windows da bai mutu sosai ba yakan bar katin wifi a wani hali da Linux ba ya iya tayar da shi, masu direban katin Intel sun daɗe da yin gargaɗi a kan haka. In bayan wannan ya sake ɓacewa, ki rubuta `rfkill list` ki turo abin da ya fito.

Ga sauran masu karatu da ke da sababbin injuna: in `lsblk -f` ya nuna muku BitLocker a maimakon ntfs, wannan wata magana ce daban. Faifan a kulle yake, sai da mabuɗin nan mai lamba 48, wanda galibi yana cikin asusun Microsoft na mai injin. Ku nemo shi ku rubuta a takarda kafin ku sa Linux ko ku taɓa BIOS. Injin okaziyo da ya zo a kulle da asusun wani Bature, babu mai gyaran da zai fito muku da abin da ke ciki.

Teknisiyan rezo, Yantala

Yaya Hajiya, ina wuni. Malam na Katako ya gama da faifai, bari in ɗauki kabul.

Yadda kika kwatanta, rezo biyu gare ki a shagon, ba ɗaya ba. Na wifi yana da mai rabon adireshi, wato modem ɗin: duk wanda ya shigo sai ya ba shi lamba, shi ne ake kira DHCP. Na kabul kuwa ba shi da kowa. Ƙaramin akwatin nan mai ramuka biyar suwic ne, haɗa wayoyi kawai ya iya, ba ya rabon komai. Ubuntu yana tsaye yana neman a ba shi adireshi, babu mai amsawa, shi ya sa alamar ke juyawa har ta gaji. Windows kuma ba ya nema, don wanda ya haɗa miki ya rubuta masa adireshin da hannu. Wannan rubutun a cikin Windows yake, ba a jikin kati ba, Ubuntu bai san da shi ba.

To mu kwafo shi. A Windows ki rubuta `ipconfig /all`, ki nemi sashen "Carte Ethernet", ki rubuta Adresse IPv4 da Masque de sous-réseau a takarda. Ki duba na wifi ma. Sannan a jikin injin buga takardun, cikin menu ɗinsa, akwai inda zai buga miki shafin bayanin rezonsa, adireshinsa yana ciki.

A ce kin ga ordinatar 192.168.1.10, injin 192.168.1.50, mask 255.255.255.0. Ma'anar wannan mask ɗin ita ce lambobi ukun farko su ne sunan rezon, dole su zama iri ɗaya a wurin duka biyun, ta ƙarshe ce kawai ke bambanta su, daga 1 zuwa 254. A Ubuntu ki shiga Paramètres, Réseau, Filaire, ki danna ɗan gargaren, IPv4, ki zaɓi Manuel. Ki sa adireshin da mask ɗin da kika kwafo. Ba laifi ki yi amfani da lambar da Windows ke amfani da ita, tunda ba sa tashi lokaci ɗaya.

Inda nake so ki kula shi ne gidan "Passerelle". Ki bar shi fayau, kada ki rubuta komai, DNS ma haka. Passerelle ita ce ƙofar fita zuwa intanet, kuma a rezon kabul ɗinki babu ƙofa. Ubuntu yana fifita kabul a kan wifi in duka biyun sun ce suna da hanyar fita, don haka in kika cike gidan nan, injin zai fara bugawa amma intanet ya tsaya cik, alhali alamar wifi tana nan cike. An sha kira na a ofisoshi a kan wannan, ana zargin modem ko forfe, abin kuwa layi ɗaya ne.

In kin fi son terminal, `nmcli connection show` zai ba ki sunan koneksiyon, galibi "Connexion filaire 1", sai:

`sudo nmcli connection modify "Connexion filaire 1" ipv4.method manual ipv4.addresses 192.168.1.10/24 ipv4.never-default yes`

`sudo nmcli connection up "Connexion filaire 1"`

Wannan /24 ɗin shi ne 255.255.255.0 a taƙaice. Gwaji kuma `ping 192.168.1.50`. In amsa tana zuwa, hanya ta buɗe, saura ki ƙara injin a Paramètres, Imprimantes, ki ba shi adireshin. In bai gano shi da kansa ba, yawancin injunan ofis suna saurare a ƙofa ta 9100, sai ki rubuta `socket://192.168.1.50:9100`.

Abu ɗaya zai iya rikita wannan: in wifi ɗin ma 192.168.1 yake rabawa. Modem ɗin Huawei da suka cika gari galibi 192.168.8.1 ne, to babu karo. In naki ya zo iri ɗaya da na kabul, ki faɗa mini, sai mu canza wa ɗaya lamba.

Kuma tunda forfe kike saye, ki shiga saitin wifi ɗin ki sa alamar cewa koneksiyon mai awo ne, sannan ki rubuta `sudo snap set system refresh.metered=hold`. Firefox na 22.04 ta snap yake zuwa, wato wata hanyar girka shirye-shirye a Ubuntu, yana sabunta kansa ba tare da ya tambaye ki ba, kuma ba ƙaramin mega yake ci ba. Sai ki riƙa sabuntawa da kanki ranar da kike da forfe mai yawa, kada dai ki bar shi ya daɗe.

Hajiya mai sakatariya, Tawa

Alhamdu lillahi. Malam, na kwashe dosiyen duka a faifan waje kamar yadda ka ce, sannan na yi powercfg da chkdsk. Yanzu D: yana karɓar rubutu, na gyara memuwar ɗin wata yarinya na ajiye a wurinsa, na shiga Windows na gan shi daidai. Wifi ma tun lokacin bai ɓace ba.

Ƙanwata ta Yantala, lambobin da na tarar 192.168.0.20 ne ga ordinatar, 192.168.0.100 ga injin, modem kuma 192.168.8.1 kamar yadda kinka ce. Na sa su, na bar Passerelle babu komai, ping ya amsa, shafin gwaji ya fito. Allah ya yi miki albarka. Ɗana na Harobanda, kai ma na gode, da lsblk ɗinka na gane D: ɗina sda5 ne.

Saura biyu. LibreOffice yana nuna jerin takardun da na buɗe jiya, amma in na danna sai ya ce babu su, sai na fara buɗe D: a Fichiers tukuna. Ana iya sa shi ya buɗe da kansa? Sannan duk lokacin da na fito daga Ubuntu na shiga Windows, agogo yana komawa baya da awa ɗaya. Ina rubuta lokaci a rasit ɗin mutane, abin yana dame ni.

Mai gyara na Katako

Madalla, Hajiya. Faifan wajen nan kada ki goge shi, ki riƙa sabunta shi duk ƙarshen mako, kuma kada ya kwana a jone da injin.

Agogon ba lalacewa ya yi ba. A cikin injin akwai agogo guda ɗaya mai ƙaramin batir. Linux yana ajiye lokacin duniya a cikinsa, wato UTC, ya ƙara awa ɗaya ta Nijar wajen nuna miki. Windows kuma yana ɗaukar abin da ya tarar a matsayin lokacin gida, shi ya sa yake baya da awa ɗaya cif. A Ubuntu ki rubuta `timedatectl set-local-rtc 1`, sannan ki daidaita agogon Windows sau ɗaya. Zai yi miki gargaɗi cewa wannan tsarin yana kawo rikici wajen canjin lokaci. Wannan damuwar ƙasashen da ke matsar da agogo ne rani da hunturu, irin su Faransa, mu a nan ba ma yi.

Na D: kuma, akwai fishiye mai suna /etc/fstab, shi ne jerin ɓangarorin da Ubuntu ke ɗorawa tun yana tashi. Kada ki sa sda5 a ciki, don wannan sunan yana iya canzawa in an ƙara wani faifai. `lsblk -f` yana nuna UUID na ɓangaren, a NTFS haruffa da lambobi 16 ne, shi ba ya canzawa. Ki fara da `sudo mkdir /mnt/aiki`, ki ajiye kofin tsohon da `sudo cp /etc/fstab /etc/fstab.tsoho`, sannan `sudo nano /etc/fstab`, ki ƙara layi ɗaya a can ƙasa, ba tare da kin taɓa na sama ba:

`UUID=lambarki /mnt/aiki ntfs-3g uid=1000,gid=1000,windows_names,nofail 0 0`

Wannan 1000 ɗin lambar mai amfani na farko ce a Ubuntu, ki tabbatar da taki da umarnin `id`, ita ke sa fishiyoyin su zama naki. `windows_names` yana hana ki ba fishiye sunan da Windows ba ya karɓa, irin mai alamar tambaya ko ɗigo biyu, kuma taken memuwar ɗin ɗalibai cike yake da ɗigo biyu. `nofail` kuma yana sa injin ya tashi ko da ɓangaren ya ƙi ɗoruwa wata rana, kada ki bar shi a baya.

C: kuwa ban ba ki shawarar sa shi a fstab ba. In kina neman wani abu a ciki ki buɗe ki kwafo, rubutu ki bar wa D:.

Wurin takardun zai koma /mnt/aiki, don haka tsohon jerin LibreOffice ba zai yi aiki ba sai kin sake buɗe su daga sabon wurin, kuma ki ja dosiyen zuwa gefen hagu na Fichiers ya zauna a nan. Kafin ki sake kunna injin, ki sauke D: a Fichiers ("Démonter"), ki rubuta `sudo mount -a`. In bai ce komai ba, kuma fishiyoyinki sun bayyana a /mnt/aiki, layin daidai ne. In ya fito da wani rubutu, ki turo shi nan yadda yake kafin ki kashe.